Cikin da aka yi ta gwaji ba a ga komai ba

Akwai masu zuwa mana da kuka iri ɗaya: ciki na murɗawa, yau gudawa, jibi kuma sai an yi ta nishi kafin bayan gida ya fito. Wani ya ce mini da safe wandonsa daidai yake, kafin yamma sai ya ɓalle maɓalli saboda kumburi. An gwada jini da bayan gida, an ce lafiya lau. Sau da yawa wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira IBS, wato hanji ne mai saurin harzuƙa, alhali babu rauni a jikinsa.

A cikin babban hanjin kowannenmu akwai bakteriya kusan tiriliyan 38. Su ke ƙarasa narka abin da ƙaramin hanji ya bari, a nan kuma iska ke samuwa. Gudawa mai tsanani ko yawan shan antibayotik kan dagula zamansu. Kusan mutum ɗaya cikin goma da suka yi fama da gudawar ƙwayar cuta, cikinsu kan ci gaba da damunsu bayan an warke. To mai haɗiyar antibayotik duk lokacin da ciki ya juya, ya san ƙara wa wutar itace yake yi.

Sai batun firobayotik, ƙwayoyi masu rai irin su Bifidobacterium da Lactobacillus da ake sayarwa a kafso ko gari. Wasu kan sami sauƙin kumburi da su, wasu ko gezau. Su kansu masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: a 2020 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ƙi ba masu IBS shawarar shan su sai a cikin bincike, takwararta ta Birtaniya kuwa a 2021 ta ce a iya gwadawa har mako 12. Ni abin da nake gaya wa mutane, ku ɗauki iri ɗaya tak, kuna rubuta yadda cikin ke kwana ke tashi. In wata uku ta cika babu canji, ku ajiye shi, kada ku yi ta asarar kuɗi. Mai raunin garkuwar jiki kuwa kada ya soma sai likita ya yarda.

Amma in ana ganin jini a bayan gida, ko mutum na ramewa ba dalili, ko gudawa na tashinsa cikin dare, ko abin ya soma bayan shekara 50, wannan ba na kafso ba ne. A je asibiti a duba hanjin.