Ma'anar "turbulans": hargitsin ruwa da iska

Wanda ya taɓa shiga jirgin sama daga Garwa zuwa Yawunde ya san lokacin da ake cewa kowa ya ɗaura bel, an shiga "turbulans". Jirgi ya kama jijjiga, masu carbi su ƙara ƙaimi. Da yawanmu mun ɗauka kalmar ta jirgin sama ce kawai, alhali ni a ɗakin mahaifiyata na fara ganin abin da take nufi.

Idan ta barbaɗa turaren wuta a kasko, hayaƙin yakan tashi siriri, a miƙe kamar zare, kusan taki guda. Daga nan sai ya karye, ya murɗe, ya rabu gida-gida, kowane murɗi yana haifar da ƙananansa. Wannan murɗewa da ba ta taɓa maimaita kanta ita ce turbulans, wato hargitsin ruwa ko iska. Ita kake gani a bayan ginshiƙan gadar Binuwai da damina, inda ruwa ke juyi yana haɗiye kara da ganye, ita ce kuma guguwar rani.

A 1883 wani malami a Manchester ta Ingila, Osborne Reynolds, ya tura ruwa cikin bututun gilashi, ya saki zirin rini a tsakiyarsa. Da ruwan ke tafiya a hankali, rinin ya bi layi sak. Da ya ƙara gudu, sai ya watse. Daga nan aka samo lambar Reynolds, wadda ke haɗa saurin ruwa da faɗin bututu da kaurin ruwan. Idan ta haura 2,000 da ɗan wani abu a bututu, hargitsi na iya farawa. Shi ya sa zuma ke zuba cikin natsuwa, shayi kuwa in aka ɗaga buta sai kumfa.

Dokar lissafin da ke mulkin wannan motsi tana nan tun Navier, Bafaranshe, a 1822, da Stokes a 1845. Matsalar ita ce ba ta warwaruwa da alƙalami idan hargitsi ya shigo. Tsananin wuyarta ya sa a 2000 cibiyar lissafi ta Clay a Amurka ta sa dala miliyan 1 ga wanda ya amsa babbar tambayar da ke cikinta.

To injiniya ba zai zauna jira ba. Sai aka koma ga kwamfuta: a yanka sararin da ruwa ko iska ke bi zuwa ƙananan akwatuna, dubbai ko miliyoyi, a lissafa abin da ke shiga da fita a kowanne. Wannan fanni shi ɗalibanmu ke kira CFD.

Mutumin da nake ganin ya cancanci a san sunansa a nan shi ne Brian Spalding, farfesa a Imperial College ta Landan, wanda aka haifa a 1923, ya rasu a 2016. A 1972 shi da ɗalibinsa Suhas Patankar, ɗan Indiya, suka fitar da hanyar lissafi mai suna SIMPLE. A 1974 shi da Brian Launder suka wallafa aikinsu kan tsarin k-epsilon. Hikimar tana burge ni ƙwarai: maimakon bin kowane murɗi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fi ƙarfin kwamfutocin zamanin, sai a auna abu biyu, yawan ƙarfin da ke cikin hargitsin da kuma saurin da yake lafawa ya zama zafi. Kimantawa ce, tana kuskure inda ruwa ke juyi sosai, amma ta ba masana'antu abin aiki. Spalding bai bar ilimin a takarda ba, kamfaninsa CHAM ya fitar da PHOENICS, manhajar kwamfuta mai yin wannan lissafi, a 1981.

Yau da irin wannan lissafi ake zana fiffiken jirgi, da famfon ban-ruwa, da injinan da ruwa ke juyawa su ba da lantarki a madatsu irin ta Lagdo. Masu hasashen yanayi ma wannan doka ta Navier da Stokes ce ginshiƙinsu idan suna bin sawun ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta zo ta rufe mana rana a Marwa da Garwa.