Birkin Iska Ba Ya Mutuwa Farat Ɗaya

Duk ranar da tirela ko tanka ta ƙwace ta afka wa jama'a, magana ɗaya ake ji a bakin kowa: birki ne ya tsinke. Sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi jana'iza, a watse. Babu mai musun ƙaddara. Amma mu da ke zagaya tashoshi da garejojin manyan motoci muna wayar da kan direbobi, abin da muke nanatawa shi ne, birkin iska yakan daɗe yana ba da alama kafin ranar da zai ƙi ci. Ko dai ba a gane alamar ba, ko an gane an ce sai an dawo daga wannan lodin.

Ƙaramar mota da mai take kama birki, ƙarfin ƙafarka ne ke tura man zuwa taya. Mota mai ɗauke da tan 30 ko 40 ta fi ƙarfin ƙafar mutum, shi ya sa aka koma ga iska. Dabarar ma daga jirgin ƙasa aka aro ta: wani Ba'amurke, George Westinghouse, shi ya yi wa birkin iska rajista a 1869, daga baya masu ƙera manyan motoci suka ɗauka.

Inji ne ke juya kwamfuresa, ita kuma ta matse iska ta tura cikin tankunan da ke ƙarƙashin mota. Ana auna matsin iskar da psi ko bar. In iskar ta kai wajen 120 psi, wato kusan bar 8, kwamfuresa ta dakata, in ta sauka kusa da 100 ta ci gaba da cikawa. Mack da sauran motocin Amurka da psi agogon iskarsu ke ƙirga, DAF da MAN da bar, kuma wasu sababbin motocin Turai matsinsu ya fi haka. Feda ba ita ke kama taya ba, hanya kawai take buɗe wa iska. Iskar ta bi tiyo ta shiga busta, wato gwangwanin ƙarfen da ke kusa da taya, ta tura sanda, sandar ta juya wani ƙarfe mai lanƙwasa biyu wanda ke buɗe lainin birki ya matse cikin duram. Ka ɗaga ƙafa, iskar ta fice waje, shi ne hucin nan da ake ji. Ma'ana, duk takawa ɗaya iska ka kashe, kuma sai kwamfuresa ta mayar da ita.

Ga wurin da nake so a tsaya a fahimta. A bustocin tayoyin baya akwai wani ƙaton sifirin da ke zaune a matse, iska ce ke riƙe da shi. In ka ja birkin hannu, iskar ka saki, sifirin ya miƙe ya danne birki. Haka nan in tiyo ya fashe iska ta zube a kan hanya, da matsin ya sauka tsakanin 45 da 20 psi, sifirin zai kama tayoyin da kansa ko direba bai taɓa komai ba. Motar da take da lafiya, in iskarta ta ƙare, tsayawa take yi. To, in aka ce iska ta ƙare mota kuma ta ci gaba da gudu, sai a tambaya: wa ya taɓa sifirin ɗin?

Mun san amsar. Busta ta fara yoyo a hanya, lodi yana jira, maigida yana ta bugo waya. Sai bakanike ya ɗaure sifirin da noti, ko ya lanƙwashe tiyon wannan tayar ya ɗaure da waya, ya ce a lallaɓa zuwa Kano. An ƙera notin nan ne don a samu a janye motar da ta lalace zuwa gareji, ba don a yi doguwar tafiya da lodi ba. Daga Kano kuma sai a ce ai tana tafiya lafiya, sai wata uku su wuce. Taya ɗaya ta daina kamawa, sauran suna ɗaukar nauyinta, suna cinyewa da wuri. Haka ake yi da jiniyar gargaɗin ƙarancin iska: ta dami direba da ƙara, sai a cire mata waya. Sannan yaran mota, ku ji da kyau, kada wanda ya kuskura ya kwance bayan busta don ganin abin da ke ciki. Sifirin nan in ya ƙwace yana iya kashe mutum nan take. Busta in ta lalace, sauya ta ake yi gaba ɗaya.

Amma abin da ya fi cin rayuka a gangare ba ƙarewar iska ba ne, zafi ne. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san ƙaurin nan na lainin da ya ƙone. Direba ya ɗora ƙafa a feda tun daga sama bai ɗaga ba, duram ya yi zafi ya buɗe, ya yi nesa da lainin, shi ma lainin ya yi santsi. Agogo yana nuna iska a cike, kana takawa har ƙasa, mota kuwa ƙara gudu take yi. In dama saitin birkin ya yi sako-sako, sandar busta takan kai ƙarshen tafiyarta ba ta matse komai ba.

Maganin wannan tun kafin a fara gangarowa ake yinsa. Ka rage gudu, ka sa giya mai ƙarfi, wato ta hawan tudu, tun kana saman tudu, wadda ka hau da ita ko ma wadda ta fi ta ƙarfi, ka kunna birkin inji in motar tana da shi. In ka bari sai ta ɗauki gudu, giyar ba za ta shiga ba, ka rasa wadda ka fita, ka rasa wadda kake nema. Inji shi ne mai riƙe mota a gangare, feda taimako ce. In gudun ya kai iyakar da ka ɗibar wa kanka, ka taka sosai har ya ragu da kamar kilomita 8 a awa, ka saki birki ya sha iska, in ya sake kaiwa ka maimaita. Ban da famfa feda sama-sama, wannan zubar da iska ne kawai.

Sai maganar firi, wato cire mota daga giya a bar ta tana gangarawa. Na san dizal ya yi tsada, na kuma san wasu iyayen gida man da suke bayarwa a ƙididdige yake. Amma mai sa mota a firi a gangare ya yi asara biyu lokaci guda: ya cire hannun inji daga riƙon mota, sannan injin yana juyawa a hankali, kwamfuresa ba ta mayar da iskar da ake kashewa. Litar da aka tsira da ita ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, balle rai. In kuma ka sauko duram suna hayaƙi, ka nemi fili ka tsaya, ka sa waigi, ka bar su su huce da kansu. Kada a watsa musu ruwa, tsagewa suke yi.

Dubawar safe ba ta cin minti goma. A fili mai lebur, yaron mota ya sa waigi gaba da baya. Ka tada mota, idonka a kan allurai biyun nan, ɗaya ta layin gaba ɗaya ta baya, har su cika. Ka kashe inji, ka saki birkin hannu, ka taka feda ka riƙe. Bayan faɗuwar farko ta allura, ka ƙirga minti ɗaya: in kan tirela da bodinta suna haɗe, bai kamata allura ta sauka fiye da 4 psi ba. In ta wuce, akwai yoyo. Yaro ya zagaya da kunne, inda ake zargi a shafa ruwan sabulu, kumfa za ta tona asiri. Daga nan ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, ka yi ta taka feda kana saki. Jan wuta da jiniya su zo kafin allura ta yi ƙasa da 60 psi, wato wajen bar 4. Ka ci gaba har ka ga birkin sifirin ya kama. Sannan a cika iska, a saki birkin hannu, a ja hannun saitin kowace busta: in ya motsa fiye da inci ɗaya, yana neman saiti. A dubi tiyo biyun da ke tsakanin kai da bodi, ja mai kai iska, da rawaya ko shuɗi mai kai umarnin feda, kada a musanya su, kada robar bakinsu ta zama a tsage.

Da yamma in an ajiye mota, a ja zoben da ke gindin kowane tanki. Iskar da aka matse tana tara ruwa, musamman da damina ko in an yi lodi daga Legas ko Fatakwal, ruwan kuma yana cinye wurin iska, yana sa tsatsa. In ka ga yana fita baƙi da mai-mai, kwamfuresa ta fara gajiya ke nan, a gaya wa maigida tun da wuri. Masu motoci, in direba ya ce birki na neman gyara, ba wayon cin kuɗi ba ne kullum. Ku je ku tsaya a yi gwajin nan a gabanku.

Ku kuma masu ƙananan motoci, 'yan acaɓa da masu Keke, birkin iska yana da ɗan jinkiri, kusan rabin daƙiƙa kafin iska ta isa tayoyin baya. Tirela mai gudun kilomita 60 a awa takan ci mita 8 a wannan ɗan tsakanin, birki bai ma fara ci ba, ga kuma nauyin lodi yana turo ta. Wanda ya sha gabanta ya taka birki don ɗaukar fasinja, direban ba shi da yadda zai yi da shi. In kun ga babbar mota tana gangarowa tana danna oda tana wasa da fitila, ku ba ta hanya, ku kauce gefe sosai. In hatsari ya auku, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ita ce 122, kuma in tankar mai ce ta faɗi, a yi nesa da ita kafin a tsaya buga waya.