Ɗan Wasan Da Ake Zargi Da Fyaɗe: Ya Dace Ƙungiya Ta Saye Shi Ko Ta Sa Shi A Fili?

A watan Agustan 2025 ƙungiyar Villarreal ta Sifaniya ta ɗauki ɗan wasan Ghana Thomas Partey, tsohon ɗan wasan Arsenal, wata guda bayan masu gabatar da ƙara a Ingila sun tuhume shi da laifukan fyaɗe biyar da na cin zarafi ɗaya, waɗanda duk ya musanta. Nan take masu kallon ƙwallo suka rabu biyu. Wasu suka ce ai kotu ba ta ce komai ba tukuna, wasu suka ce wannan cin fuska ne ga matan da suka kai ƙara. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan irin wannan lamari, da abin da nake ganin shi ne amsarsu.

Ai doka ta ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Don me za a hana shi sana'arsa?

Wannan ƙa'ida gaskiya ce, kuma duk wanda ya san zafin ƙazafi ba zai so a taɓa ta ba. Sai dai a lura da wanda ƙa'idar ta ɗaure. Alƙali ta ɗaure, da hukuma, domin kada a kulle mutum ko a ci shi tara ba tare da hujja ba. Tambayar da ke gaban alƙali ita ce: a ɗaure shi ko a sake shi? Tambayar da ke gaban ƙungiya kuwa daban take: wa za mu sa wa rigarmu, mu liƙa hotonsa a bangon filin wasa, mu tura shi ya gaisa da yara?

A sauran wuraren aiki ba a jayayya a kan wannan. Malamin makaranta da aka gurfanar kan taɓa ɗaliba, ana ce masa ya dakata a gida har a gama shari'a, kuma ba wanda yake cewa an yanke masa hukunci. Ƙungiyar ƙwallo ma wurin aiki ce. Akwai mata masu gashin tsoka da likitoci da masu girki da ma'aikatan ofis, akwai tawagar mata, akwai makarantar horar da yara. Su ma suna da haƙƙi a kan shugabanninsu.

Zargi da tuhuma da hukunci, ba duk tafiyarsu ɗaya ba?

A'a, kuma yawancin rigimar daga cakuɗa su take tasowa. Zargi shi ne wani ya faɗa, ko a wurin 'yan sanda ko a intanet. Tuhuma ita ce masu gabatar da ƙara sun duba hujjoji sun ga akwai abin kai wa kotu. A Ingila ba sa yin hakan sai sun gamsu cewa akwai kyakkyawar yiwuwar a sami mutumin da laifi. Hukunci kuwa sai bayan an saurari kowane ɓangare. Ba zan goyi bayan a jingine ɗan wasa saboda jita-jita kawai ba. Amma da zarar an kai matakin tuhuma, magana ta wuce "an ce, an ce".

Idan aka janye ƙara fa, ba an wanke shi ke nan ba?

Nan ne wurin da ya fi wuya, domin janye ƙara da wankewa ba abu ɗaya ba ne, kuma janye ƙara ba ta tabbatar da laifi.

A ɗauki Mason Greenwood. An kama shi a Janairun 2022, Manchester United ta dakatar da shi, aka tuhume shi a Oktoban shekarar da laifukan da suka haɗa da yunƙurin fyaɗe, ya musanta. A Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka ajiye shari'ar, suka ce muhimman shaidu sun janye kuma sababbin bayanai sun fito. Ke nan babu ranar da aka zauna aka auna hujjojin a gaban kotu. United ta yi nata binciken na wata shida, ta ce a fahimtarta bai aikata abin da aka tuhume shi da shi ba, amma duk da haka aka amince ya bar ƙungiyar. Ya tafi Getafe aro, sannan Marseille ta saye shi a 2024 duk da cewa magajin garin Marseille ya fito fili ya nuna adawarsa. A kakarsa ta farko a Faransa ya ci ƙwallo 21 a gasar ƙasar, kuma daga nan surutun ya ragu sosai. Wannan raguwar ita ce abin da ya fi damuna a labarin, domin babu wata sabuwar hujja da ta fito ta sauya ra'ayin mutane, ƙwallaye ne kawai suka yi yawa.

Akwai kuma labarin David Goodwillie a Sikotland. Wata mata ta zarge shi da fyaɗe, amma masu gabatar da ƙara sun ƙi kai shi kotun manyan laifuka, sun ce hujja ba ta isa ba. Matar ba ta haƙura ba, ta shigar da ƙarar neman diyya, kuma a 2017 alƙali ya yanke cewa shi da wani abokin wasansa sun yi mata fyaɗe, ya ce a biya ta fam 100,000. Yaya aka yi kotu ɗaya ta ce haka alhali ɗayar ba ta ma zauna ba? Ma'auninsu ne ya bambanta. Kotun manyan laifuka tana buƙatar tabbacin da babu kokwanto a cikinsa, kotun diyya kuwa tana duba wace magana ce ta fi rinjaye. Shi fyaɗe kuma laifi ne da galibi ake yinsa ba mai gani, shi ya sa cika ma'auni na farko yake da wuya ko da abin ya faru.

To wanda kotu ta wanke fa? Wa zai biya shi shekarun da ya rasa?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi mata amsar gaggawa. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajeriya ce. Shekara biyu a wurinsa kamar goma ce a wurin wani ma'aikaci.

Benjamin Mendy, wanda ya ci kofin duniya da Faransa a 2018, an tuhume shi a Agustan 2021 yana Manchester City. Ya yi fiye da wata huɗu a tsare, ƙungiyar ta daina biyansa albashi. A Janairun 2023 aka wanke shi daga yawancin tuhume-tuhumen, a Yulin shekarar aka wanke shi daga sauran. Ya koma Lorient ta Faransa, amma ganiyarsa ta riga ta wuce. A Nuwamban 2024 kotun ma'aikata ta ce yana da haƙƙin karɓar mafi yawan albashin da aka riƙe masa. Ched Evans na Sheffield United an ɗaure shi a 2012, ya yi shekara biyu da rabi a gidan yari, aka soke hukuncin a 2016, aka sake shari'a aka wanke shi. Dani Alves an yanke masa shekara huɗu da rabi a Barcelona a Fabrairun 2024, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Maris ɗin 2025.

Abin da na ɗauka daga waɗannan shi ne, idan za a dakatar da ɗan wasa kafin hukunci, to a ci gaba da biyansa albashinsa, a ba shi wurin atisaye, kada a kore shi, kuma a faɗa a fili cewa dakatarwar ba ta nufin an same shi da laifi. Idan an wanke shi, ƙofa ta buɗe masa, kuma kada a ci gaba da jifansa da abin da kotu ta riga ta sauke masa. Wanda ya ce a girmama kotu idan ta ɗaure, dole ya girmama ta idan ta saki.

Akwai bambanci tsakanin riƙe ɗan wasan da kake da shi da sayo sabo?

Akwai, babba ma. Ɗan wasan da ke cikin kwantiraginka, akwai alƙawari tsakaninku, doka ta ɗaure ka, ba za ka jefar da shi yadda ka ga dama ba. Wanda kuwa ba naka ba ne, ba ya bin ka bashin komai. Babu ƙungiyar da aka taɓa tilasta wa sayen ɗan wasa. Kullum ana ƙin ɗaukar 'yan wasa saboda gwiwa mai ciwo, ko yawan shekaru, ko rashin jituwa da koci, ba wanda ya ce an zalunce su. Saboda haka idan ƙungiya ta miƙa hannu ta ɗauko mutumin da ranar shari'arsa ke tafe, zaɓi ta yi da idonta a buɗe. Sau da yawa kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: tuhumar ta karya masa farashi, manyan ƙungiyoyi sun ja baya, sai a same shi da araha ko ma kyauta. Cin riba ne daga masifar da ta faɗa wa wata. A ganina ƙungiya ta jira kotu ta gama. Idan an wanke shi, ga shi nan, kasuwa ba ta gudu ba.

Wa yake yanke wannan shawarar, koci ko shugabanni?

A gasar Firimiya da sauran manyan gasannin Turai, kowace ƙungiya ita ke yanke wa kanta. Shi ya sa City ta dakatar da Mendy bayan tuhuma, United ta dakatar da Greenwood tun daga kamu, Arsenal kuwa ta ci gaba da sa Partey a wasa tsawon shekarun da ake bincike har kwantiraginsa ya ƙare, kwana kaɗan kafin a tuhume shi. Koci kuma shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata a ɗora wa wannan kaya, domin aikinsa rataye yake da sakamakon ranar Asabar. Wanda za a kora idan ya sha kashi sau uku a jere, da wuya ya ajiye gwaninsa da kansa.

Sunderland ta nuna inda barin abin a hannun ƙungiya yake kaiwa. An kama ɗan wasanta Adam Johnson a 2015 kan laifin lalata da yarinya 'yar shekara 15. Ƙungiyar ta dakatar da shi na ɗan lokaci, ta dawo da shi, ya ci gaba da wasa kusan shekara guda tana fafutukar kada ta faɗo daga gasar. A Fabrairun 2016 ya amsa wasu daga cikin laifukan, aka kore shi, aka ɗaure shi shekara shida, shugabar gudanarwar ƙungiyar ta yi murabus.

A Amurka hukumomin gasa ne suke riƙe da wannan iko. Hukumar NFL, mai kula da gasar ƙwallon Amurka da ake ɗauka da hannu, ta dakatar da Deshaun Watson wasa 11 a 2022 tare da tarar dala miliyan 5 kan zarge-zargen cin zarafin mata, duk da ba a gurfanar da shi a kotun manyan laifuka ba. Tsarin nasu yana da masu sukarsa, amma aƙalla ba wanda zai ci moriyar ƙwallayen ɗan wasan ne yake yi masa alƙalanci ba. Irin wannan nake so ƙwallon ƙafa ta samu: doka ɗaya a rubuce, kwamiti mai zaman kansa, a yi wa tauraro abin da za a yi wa ɗan benci.

Tawagar ƙasa fa?

Nan ma'aunin ya fi tsanani a wurina. Babu kwantiragin aiki irin na ƙungiya, gayyata ce ake yi, kuma wanda aka gayyata yana tsayawa ne da tutar ƙasa a ƙirjinsa ana rera taken ƙasa. Rashin gayyatar mutum har ya gama da kotu bai tauye masa albashi ba. A Iceland a 2021 shugaban hukumar ƙwallon ƙasar da dukan 'yan majalisar gudanarwarta sun sauka, bayan an zarge su da rufa-rufa kan ƙorafin cin zarafin mata da aka yi a kan 'yan tawagar ƙasa.

Matsin lambar magoya baya da masu ɗaukar nauyi, ba hukuncin 'yan tasha ba ne?

Wani lokaci yakan zama haka, kuma zagi da barazana ba su da wurin zama ko a kan wa aka yi su. Amma mai sayen tikiti yana da ikon cewa ba da kuɗina ba. Lokacin da Raith Rovers ta Sikotland ta sayi Goodwillie a ƙarshen Janairun 2022, kyaftin ɗin tawagar matan ƙungiyar ta ajiye rigarta, ma'aikata da daraktoci suka yi murabus, mai ɗaukar nauyin rigar ta janye, cikin kwana uku ƙungiyar ta nemi afuwa. Santos ta Brazil ta dawo da Robinho a Oktoban 2020 alhali kotun Italiya ta riga ta yanke masa shekara tara tun 2017 kan fyaɗen taron dangi a Milan. Sai da kamfanoni suka fara janyewa sannan ta jingine kwantiragin. A 2024 aka kai shi gidan yari a Brazil. A duka biyun shugabannin sun san komai kafin su sa hannu.

Kuma idan ana maganar hukuncin jama'a, a tuna wa ya fi shan sa. Dokar Ingila ta hana bayyana sunan wadda ta kai ƙarar fyaɗe har ƙarshen rayuwarta. Duk da haka, a shari'ar Evans, mutane sun watsa sunan matar a Twitter, har aka ci wasu tara, ita kuma ta yi ta sauya gida da suna. Duk macen da ta ga haka, kuma ta ga dubban mutane suna rera sunan wanda take shirin kai ƙara, za ta yi tunani sau goma kafin ta doshi ofishin 'yan sanda.

Wanda aka samu da laifi ya gama zaman gidan yari, har abada ke nan ba zai dawo ba?

Yana da haƙƙin ya yi aiki ya ci abinci, kuma ƙofar tuba ba ta rufuwa. Sai dai haƙƙin neman abinci daban, haƙƙin a tafa maka a gaban mutum dubu hamsin daban. Likita ko malami da aka samu da irin wannan laifi galibi ba ya komawa bakin aikinsa, ko da ya gama wa'adinsa, saboda aikin amana ne. Idan har wata ƙungiya za ta duba yiwuwar ɗaukarsa, mafi ƙarancin abin da zan nema shi ne ya amsa laifinsa da bakinsa, ya nemi gafarar wadda ya cuta, a kuma tambayi matan da ke aiki a ƙungiyar da 'yan tawagar mata kafin a sa hannu, maimakon su ji labarin a rediyo kamar kowa.