Rage Harajin Ribar Hannun Jari ta Hanyar Sauya Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Idan na sayi fasfon wata ƙasa, harajina zai ragu?

A'a. Yawancin ƙasashe ba fasfo suke dubawa ba, inda mutum yake zaune suke bi. Sent Kits da Nebis ta fara ba masu zuba jari shaidar zama ɗan ƙasa tun 1984, kuma tun 2024 mafi arha a ƙasashen Karibiyan masu wannan tsari ba ya gaza dala 200,000. Wanda ya biya wannan kuɗi amma yana nan a gidansa na Landan, Birtaniya ce dai za ta karɓi harajinsa. Amfanin fasfon sauƙin tafiya ne.

To me ke rage harajin?

Ƙaura ta gaskiya, kuma aiki biyu ne: ka fita daga dokar harajin ƙasar da kake, ka shiga ta wata. Na farkon ya fi wuya.

Ana yawan cewa kwana 183 a shekara ne ma'aunin zama mazaunin ƙasa wajen haraji, amma wannan rabin zance ne. A Birtaniya, wanda ya zauna can a ɗaya daga shekaru 3 da suka wuce, sai kwanakinsa sun gaza 16 a shekara kafin a cire shi daga mazaunan haraji ba tare da wani bincike ba. Idan sun fi haka, za a ƙirga alaƙarsa da ƙasar: iyali, wurin kwana, aiki. Idan kuma ƙasashe biyu suka ce nasu ne, yarjejeniyar haraji da ke tsakaninsu ce ke raba gardama, bi da bi: ina gidansa na dindindin, ina iyalinsa da harkokinsa, ina ya saba zama, sai a ƙarshe a duba ɗan wace ƙasa ne. Mai barin mata da yara a tsohon gida ya kama ɗaki a Dubai, da wuya ya ci wannan shari'a.

Wace ƙasa ta dace da mai cinikin hannun jari kullum?

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga mutum, kuma ribar jarin da ya juya da kuɗinsa ba ta shiga harajin kamfani. Amma idan ya buɗe kamfani, tun Yunin 2023 akwai kashi 9 cikin ɗari a kan ribar da ta haura dirhami 375,000. Ana zama mazaunin haraji a can da kwana 183, ko 90 ga mai izinin zama da gida ko aiki.

Singafo da Hon Kon ba sa karɓar harajin ribar sayar da kadara, sai dai akwai tarko. Mai saye da sayarwa sau da yawa a rana, hukuma na iya ɗaukarsa ɗan kasuwa, ribarsa ta koma kuɗin shiga mai haraji. Ƙasashe irin su Fanama da ke karɓar harajin abin da aka samu cikin gida kaɗai, a tambayi yadda suke kallon cinikin da aka yi daga kwamfuta a ƙasarsu, kuma a karɓi amsar lauya a rubuce.

Ba zan iya buɗe kamfani a waje in zauna inda nake ba?

Wannan dabara ta tsufa. Kamfanin da ake tafiyar da shi daga ɗakinka, ƙasashe da yawa suna ɗaukarsa mazaunin ƙasarka, ko su ɗora ribarsa a kanka. Ɓoyewa kuwa laifi ne, kuma ba ta ɓoyuwa: tun 2017 ƙasashe ke musayar bayanan asusun banki da na dillalai a ƙarƙashin wani tsarin bai ɗaya da ake kira CRS, yau sun haura 100.

Akwai kuɗin fita?

A wasu wurare. Kanada na lissafi kamar ka sayar da yawancin kadarorinka ranar da ka tashi, ta karɓi harajin ribar. Jamus na yin haka ga mai kashi 1 cikin ɗari ko fiye a kamfani. Birtaniya kuma, wanda ya daɗe a can ya fita ya dawo cikin shekara 5, tana iya bin harajin ribar abin da ya mallaka kafin tafiyar ya sayar yana waje. Saboda haka a tsara ranar sayar da manyan hannayen jari tare da ranar ƙaura.

Ba'amurke fa?

Nasa daban ne, domin Amurka na bin ɗan ƙasarta duk inda yake. Rangwamen da take yi wa masu aiki a waje na albashi ne, bai shafi ribar hannun jari ba. Ko dai ya koma Fotoriko, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, inda dokarta mai suna Doka ta 60 ke sassauta harajin ribar da ta taru bayan ƙaura, ko ya ajiye zama ɗan ƙasa, wanda ke jawo harajin fita idan dukiyarsa ta kai dala miliyan 2.

Wanda ba Ba'amurke ba ma, idan yana riƙe da hannayen jarin Amurka, ana cire kashi 30 cikin ɗari daga rabon ribar da kamfani ke biya, sai in ƙasar da yake zaune na da yarjejeniyar ragi. Daular Larabawa ba ta da ita, don haka mai ƙaura daga Birtaniya zuwa Dubai zai tashi daga kashi 15 ya koma 30.