Jakar Nukiliya ta Shugaban Amurka

Jakar nukiliya baƙar jaka ce ta fata mai nauyin kimanin kilo 20, wadda wani hafsan soja ke riƙe da ita yana bin shugaban Amurka duk inda ya sa ƙafa, domin shugaban ya iya ba da umarnin harba makaman nukiliya ko a ina yake. Amurkawa sun yi mata laƙabi da "ƙwallo". An fara ɗaukar hotonta a watan Mayun 1963, zamanin John F. Kennedy. Mataimakin shugaban ƙasa ma yana da tasa.

Da yake abin da ke cikinta sirrin gwamnati ne, yawancin bayanan da ke yawo a kanta daga bakin tsofaffin jami'ai suka fito, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wannan ne ya sa masu rubuta tarihinta ke yawan sa-in-sa.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne wai akwai jan maɓalli a ciki. Bill Gulley, tsohon daraktan ofishin soji na fadar shugaban ƙasa, ya rubuta a 1980 cewa takardu ne: littafin zaɓuɓɓukan kai harin ramuwa, da jerin wuraren ɓuya na sirri, da ƙa'idojin yi wa jama'a shelar gaggawa, da katin lambobin tantancewa. Katin nan, wanda ake kira "biskit", a zahiri a jikin shugaban yake zama, kuma da shi yake tabbatar wa manyan hafsoshi a Pentagon, hedkwatar tsaron Amurka, cewa shi ɗin ne ke ba da umarni. Duk da haka, a watan Janairun 2018 Donald Trump ya yi wa shugaban Koriya ta Arewa Kim Jong Un gorin cewa maɓallinsa ya fi nasa girma, tatsuniyar ta ƙara samun gindin zama.

Maganar ɓatan katin ta fi kowacce jawo gardama. A 2010 Janar Hugh Shelton, tsohon babban hafsan hafsoshin sojin Amurka, ya ce katin Bill Clinton ya yi watanni ba a san inda yake ba, wajen shekarar 2000. Robert Patterson kuwa, wanda ya taɓa ɗaukar jakar da hannunsa, 1998 ya ambata. Wasu sun ɗauka ɓata biyu aka yi, wasu na ganin ɗayansu ne ya rikita shekara. Labarin Jimmy Carter, wai ya manta nasa a aljihun kwat aka kai wanki, jita-jita ce kawai da aka daɗe ana maimaitawa. Na Ronald Reagan ya fi tushe: ranar 30 ga Maris 1981 da aka harbe shi, an yanke tufafinsa a asibiti, katin ya rabu da shi, ya faɗa hannun jami'an FBI.

Rasha ma tana da irin wannan jaka mai suna Cheget. Boris Yeltsin, shugaban Rasha na lokacin, ya ce ya yi amfani da ita ranar 25 ga Janairun 1995, da na'urorin Rasha suka hango wani rokan binciken kimiyya da aka harba daga Norway. Masana har yau suna musu kan girman haɗarin da aka shiga a ranar.