Waiwaye: aikin masu karanta tsagar dutse a Gana, daga Half Assini zuwa Jubilee

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Aboabo, cikin Kumasi, ɗan yayata ya tare ni, ya ce Kawu an ba ni jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, a jami'ar KNUST amma abokaina na cewa man Gana ya kusa ƙarewa, in karɓa ko in canza? Na ce zauna tukuna, domin mu a zango yawancinmu sai 2007 muka fara jin zancen mai, alhali abin ya girmi kakanninmu.

Tun 1896 aka fara haƙar neman mai a ƙasar nan, can yamma wajen Half Assini, inda ake ganin mai na tsattsafowa da kansa daga ƙasa. A 1913 Turawa suka kafa hukumar binciken duwatsu ƙarƙashin Albert Kitson, kuma mutanensa da ƙafa suke yawo, guduma a hannu, da haka aka gano manganis a Nsuta da daimon a kogin Birim. Mai kuwa ya daɗe yana wasan ɓuya. An same shi a tekun Saltpond a 1970, aka fara ɗiba a 1978, amma bai taka kara ya karya ba. Aka kafa kamfanin mai na ƙasa, GNPC, a 1983 zamanin Rawlings, aka ci gaba da tara bayanai shekara da shekaru, sai a watan Yuni 2007 kamfanonin Kosmos da Tullow suka dace da filin mai na Jubilee, kamar kilomita 60 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Ranar 15 ga Disamba 2010 shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Atta Mills, ya murɗa famfo. Filin mai na TEN ya biyo a 2016, na Sankofa a 2017.

To me ya kai mai can? Nan ne aikin da yaron nan zai karanta ya shigo. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce Afirka da Kudancin Amurka a manne suke, da suka tashi rabuwa, ta wajenmu gogar juna suka yi gefe da gefe, ƙasa ta dare ta lotsa ta zama kwari, koguna suka yi ta zuba yashi da laka a ciki, wannan kwarin shi ne Tano, inda Jubilee yake. Mai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda mutane ke zato, yana maƙale ne a 'yan ramukan dutse kamar ruwa a soso. Na Jubilee a dutsen yashi yake. Amma akwai wuraren da dutsen a toshe yake gam, ba rami ko na allura, duk man yana cikin tsaga ne, irin filin mai na Bach Ho a Biyetnam da ke cikin tsagaggen giranit, ko dutsen Asmari na Iran wanda tsagogi ne ke sa shi zubo da mai da ƙarfi. A irin wannan wuri sai an san ta ina tsagar ta nufa, a buɗe take ko ta cike, tana haɗe da 'yan uwanta ko ita kaɗai ce, in aka kuskure sai a kashe miliyoyin dala a tashi da busasshiyar rijiya, ko ruwa ya riga mai fitowa.

Wanda duk ya taɓa ganin haƙar bohol a Kumasi ya ga wannan da idonsa. Na tsaya a kan wata a unguwarmu, injin na ta aman farar ƙura tun safe, mai gida ya haɗa tagumi, can sai ƙarar ta canza, ƙurar ta koma taɓo, ruwa ya taso har ya jiƙa masu aikin. Tsaga suka faɗa. Maƙwabcinsa katanga ɗaya ya haƙa fiye da haka bai samu ko ɗigo ba. Zinaren Obuasi ma haka ne, yana bin layin da dutse ya goge ya karye, kuma girgizar ƙasar da ta yi ɓarna a Akra a 1939 daga irin wannan karaya ta taso.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda muka karɓi zancen bayan 2007. Makarantun kwas ɗin wata uku suka fito ko'ina, samarinmu suka sayar da babur, iyaye mata suka fasa adashe, aka dawo da satifiket, aiki shiru. Jirgin haƙar mai ba ya cin mutane da yawa, kuma masu zama gaban kwamfuta suna fassara hoton ƙarƙashin ƙasa, su ne suka sha lissafi da fiziks a KNUST ko jami'ar Legon ko jami'ar ma'adinai ta UMaT a Tarkwa, galibi har da digiri na biyu. An yi dokar fifita 'yan ƙasa a harkar mai a 2013, sai ga farashin gangar mai ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, kamfanoni suka rage ma'aikata, masu jiyoloji ne kan gaba wajen shan wuya don bincike ake fara dakatarwa. Waɗanda suka iya karatun dutse da gaske da yawansu sun koma ma'adinai da aikin ruwa, ba su zauna ba.

Gaskiya ne man da ake ɗiba ya ragu tun bayan 2019 da aka haura ganga miliyan 70. Amma ga kwarin Volta nan, kusan kashi 40 cikin 100 na faɗin Gana, GNPC na bincike a kai, duwatsunsa tsofaffi ne masu tauri, in Allah ya sa akwai wani abu a ciki to masu sanin tsaga za a nema.

Na ce wa yaron ya karɓa, amma ya riƙe lissafi da hannu biyu, ya koyi taswira a kwamfuta, kuma kar ya guji fita daji in malamai sun ce a fita. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan kai shi wurin fasa dutse a bayan gari ya ɗora kamfas a kan tsaga da hannunsa, uwarsa ta riga ta ce ita za ta sayo masa takalmin.