"Sanyi": suna ɗaya, cututtuka barkatai

A rediyo da TikTok da lasifikar masu tallan magani a tasha, duk abin da ya dami mace a gabanta yanzu "sanyi" ne ko "infekshon". Ƙaiƙayi sanyi, zafin fitsari sanyi, har rashin haihuwa ma sanyi. A asibiti kuwa babu wata cuta guda mai wannan suna. Cututtuka ne daban-daban aka cusa a buhu ɗaya, kuma maganin wata yana iya tsananta wata.

Wadda ta fi yawan kawo ƙaiƙayi ita ce kandida. Naman gwari ne, akasari nau'in Candida albicans, da ke zaune a jikin lafiyayyu ba tare da cutarwa ba, sai ya samu sarari ya yi yawa. Kusan mata 3 cikin 4 kan yi ta aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Alamarta ƙaiƙayi, raɗaɗi, da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, marar wari. Ba a ɗaukar ta a masai, ba kuma shaidar lalata ba ce; budurwa ma tana yi.

A nan ɓarnar take. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a gaban mace da ke hana kandida yaɗuwa. Idan ta je kemis ta ce "sanyi", aka ba ta Ampiclox, kafson zai kashe masu gadin, bai taɓa kandidar ba, don ba ya aiki a kan naman gwari. Ƙaiƙayi ya ƙaru, ta koma, a ƙara mata allura. Tsarki da Dettol ko sabulu mai ƙamshi da cushe-cushen matsi duk haka suke yi. Abin takaici, sai a ce mata sanyin ne "ya yi mata yawa".

Maganin kandida bai da tsada. Clotrimazole na matsawa: 500mg sau ɗaya, ko 200mg dare 3, ko 100mg dare 6, a sa lokacin kwanciya, a haɗa da man shafawarsa a waje sau 2 zuwa 3 a rana. Ko kuma fluconazole 150mg, ƙwaya ɗaya tak. Mai ciki, ko wadda ke zaton tana da shi, kada ta sha fluconazole. Na matsawa ake ba ta, yawanci na kwana 7. Man yana raunana kwaroron roba. Miji ba ya buƙatar magani sai in yana da alamu.

Idan ruwan tsinkakke ne mai ƙarnin kifi, ko kore-kore mai kumfa, wata cutar ce, kuma metronidazole ake bayarwa bayan an duba. Ciwon mara, zazzaɓi, jini ko gyambo kuwa na asibiti ne kai tsaye. Haka wadda wannan ne karonta na farko, da 'yar ƙasa da shekara 16, da wadda ta haura 60, da wadda ta yi kwana 7 tana magani ba sauƙi. Wadda abin ke dawo mata sau 4 a shekara, a auna mata suga, a yi gwajin HIV, a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji kafin a sake ba ta wani magani.